Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar 'Yan Sa-kai Masu Kashe Gobara ta Garinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, Sarkin Kasuwa, malamanmu, da 'yan uwa mambobi maza da mata, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton abin da aka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi daban tare da rasitai. Wannan takarda ta ƙunshi tarihin ƙungiya kamar yadda babban taron bara ya umarta a rubuta, da halin da kayan aiki suke ciki, da abubuwan da muke neman amincewarku a kansu.

Tarihin aikin

Kwamitin tarihi ya zauna da dattawan unguwanni da tsofaffin masu gadin kasuwa. Abin da suka faɗa ya nuna cewa tun kafin a yi maganar ƙungiya, garin nan yana da tsarinsa na tarar gobara. A zamanin jinka da dangar kara da zana, da an ji kururuwar "gobara!" kowa ya san inda zai nufa. Mata da 'yan mata su yi layi daga rijiya da tuluna da ƙore, samari su zo da ƙugiya da gatari. Manya ba sa yarda a ƙarar da ruwa a kan ɗakin da ya riga ya kama. Ɗakunan da ke gaba, inda iska ke kaɗawa, su ake yaye wa jinka, a kwantar da danga, a janye karan da aka jingine, don wuta ta iso ta rasa abin da za ta ci. Bayan kwana biyu a yi gayya a sake wa mai gida rufi. Wannan dabara ta raba wuta da abincinta har yau ita muke fara koya wa sabon mamba, domin ba ta buƙatar inji ko mai.

Da rufin kwano da silin da lantarki suka shigo, gobara ta sauya hali. Ta bar tsakar gida ta koma kasuwa, ta koma tashi da tsakar dare a shagon da ke kulle, kuma ruwan da aka saba watsawa ya zama abin da kan iya kashe mai watsa shi idan akwai wuta a waya. Aikin kwana-kwana na hukuma kuwa daga nesa ya faro. A Legas aka fara shi a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin 'yan sanda, dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya ta zo a 1963, jihohi kuma suka kafa nasu, amma yawancin tashoshin suna manyan birane. Gari irin namu, kafin mota ta taso ta iso, layi guda na kasuwa ya tafi. Bayan wata gobarar kasuwa ne Sarkin Kasuwa na lokacin ya tara masu gadi da 'yan ga-ruwa da manoman rani masu injin ban ruwa, aka yi alkawarin duk wanda ya ji kira zai fito da abin da yake da shi. Daga wannan alkawari ƙungiya ta tsiro, shi ya sa har gobe waɗannan rukunoni uku suke da kujera a kwamiti.

Yanzu muna zamani na uku, na fetur a jarka da tukunyar gas da sola. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu 2023, ajiye mai a gida da shago ya ƙaru, masu hali kuma suka koma sola da batir, sau da yawa da haɗin da ba gwani ne ya yi ba.

Kwamitin ya kuma duba yadda irin wannan aiki ya faro a wasu ƙasashe. A Filadelfiya ta Amurka, Benjamin Franklin da maƙwabtansa sun kafa ƙungiyar sa-kai a 1736, kowane mamba ya tanadi bokitan fata da jakunkunan kwashe kaya a gidansa. Wanda ya fi kama da namu shi ne na Durlach, ƙaramin gari kusa da Karlsruhe a Jamus. A 1846 Christian Hengst, mai kula da gine-ginen garin, ya tara masu sana'ar hannu, aka samo famfon hannu daga wani maƙeri mai suna Carl Metz, ya kuma tsananta musu atisaye har kowa ya san matsayinsa. Ranar 28 ga Fabrairu 1847 gidan wasan kwaikwayo na Karlsruhe ya kama, mutum sama da 60 suka mutu, kuma 'yan Durlach da suka zo gudunmawa suka tare wutar ta kasa cin gine-ginen da ke kusa. Abin da ya bambanta su da taron jama'ar da ke wurin shi ne sun saba aiki tare da kayansu. Har yau mafi yawan masu kashe gobara a Jamus da Amurka 'yan sa-kai ne. Mun kawo wannan ne domin matsayin kwamiti a bana a kansa yake: mintoci 10 na farko na kowace gobara a hannunmu suke, kuma abin da ke yanke hukunci a cikinsu shi ne ko kaya suna aiki, ko kuma mutane sun saba da su.

Tukwanen kashe gobara

An bi dukkan tukwanen da ke ofis da masallacin Juma'a da asibiti da bakin layukan kasuwa. Matsalar da ta fi yawa a masu hoda ita ce allurar agogo ta sauka daga kore. Dalilin kusan ɗaya ne a ko'ina: wani ya zare fil ya ɗan matsa don ya ga ko tana aiki, ya mayar. Da an matsa ko na sakan guda ne, hoda kan maƙale a bakin bawul, iska ta riƙa zurarewa a hankali, cikin 'yan kwanaki tukunya ta zama fanko ko da hodar na nan cike. Duk wadda aka taɓa, sai an kai ta an sake cikawa. Matsala ta biyu, hoda kan dunƙule a gindi idan tukunya ta daɗe a rataye, musamman bayan damina. An sa a riƙa sauke kowace sau ɗaya a wata, a kifa ta, a kara kunne a ji hoda na zuba. Idan ba a ji motsi ba, a kawo ta ofis.

Masu iskar CO2 ba su da agogo, sai dai a ɗora su a sikeli a gwada da nauyin da aka buga a jikinsu. Wadda ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na iskarta ta tafi cikawa. Su ne suka dace da wutar da ta tashi a mita ko inbata ko kwamfuta domin ba sa barin datti, amma a fili iska kan kwashe su, a ƙaramin ɗaki rufaffe kuma suna iya shaƙe mai riƙe da su. Kada a kama bakinsu da hannu tsirara, sanyinsa na ƙona fata.

A atisaye mun lura cewa mutane da yawa suna zaton tukunya za ta yi ta fesawa har minti biyar. Mai kilo 6 ba ta wuce sakan 15 zuwa 20. Saboda haka a tsaya kamar mita 2 zuwa 3 daga wuta, iska tana bayanka, ƙofar fita ma tana bayanka, a zare fil, a saita baki a gindin wuta, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. Wanda ya fesa a kan harshen wuta ya zubar da hodarsa a banza.

Injin ruwa da tanadin ruwa

Nan ne muka fi ɓata lokaci a bana, kuma ya cancanta. Injinan da muke dogaro da su na ban ruwan fadama ne. Mai inci 2 kan ba da kamar lita 500 zuwa 600 a minti, mai inci 3 kuma kusan lita 1,000, amma an ƙera su ne don yawan ruwa, ƙarfin turinsu kaɗan ne. Idan aka ja tiyo mai tsawo, ko ta lanƙwashe a kusurwar layi, ruwan da ke isa bakinta sai ya zama ba ya kai ko saman kwano. An gwada rage faɗin baki da bututun ƙarfe mai inci 1, ruwa ya yi nisa sosai, amma sai mutum biyu sun riƙe. An kuma ware mutum guda da ba shi da wani aiki sai bin tiyo yana warware lanƙwasa.

Abubuwan da ke hana inji aiki ranar buƙata guda huɗu ne, kuma duk mun gan su. Fetur ya kwana wata biyu a kabureta ya yi danƙo ya toshe hanyar mai. Maganinsa, bayan kowane gwaji a rufe famfon mai a bar inji ya ci gaba da aiki har ya mutu da kansa. An manta ba a cika cikin famfo da ruwa ba kafin a tayar, ya yi ta juyawa a bushe har robar da ke tare ruwa a kan sandar fanka ta ƙone. Tiyon zuƙa yana shan iska ta mahaɗi saboda kilif ya saki ko roba ta tsage, inji na ƙara amma babu ruwa. Sai kuma zurfi: irin waɗannan injina ba sa iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da su fiye da mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsu. Rijiyoyin unguwanni da yawa a watan Maris da Afrilu sun zarce haka, don haka an cire su daga jerin wuraren ɗibar ruwa da inji, an bar su ga masu guga. A ƙarshen tiyon zuƙa kuma dole a sa rariya, a ɗaure ta cikin bokiti kafin a jefa a kududdufi, in ba haka ba laka da leda su toshe fanka.

Lissafin ruwa yana da kyau kowane mamba ya riƙe shi. Tanki mai lita 5,000, inji mai inci 2 zai ƙarar da shi cikin minti 10. Durom na lita 200 bokiti 20 ne. Kurar ɗan ga-ruwa mai jarka 12 ta lita 25 tana ɗauke da lita 300, wato abin da inji zai tura cikin rabin minti da ɗoriya. Wannan ya sa aka daidaita da 'yan ga-ruwa cewa da sun iso su juye a tanki ko durom ɗin da inji ke zuƙa, a daina barin kowa ya ɗauki jarka ya watsa inda ya ga dama. Ƙungiya ke biyansu kuɗin ruwa bayan an gama. An kuma mayar da ƙa'idar durom biyu na ruwa da bokitan yashi a bakin kowane layi, da murfi, domin buɗaɗɗen durom sauro ke hayayyafa a ciki, masu shago kuma su zubar.

Zagayen kasuwa

Abin da ya sami kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016, inda dubban shaguna suka ƙone, da babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, da ta Katsina a Maris na shekarar, ya isa ya sa mu shafa wa gemunmu ruwa. Tare da masu gyaran lantarki da ke cikinmu aka shiga shago-shago kafin shigowar hunturu. An tarar da waya mai kauri 1.5 a ma'aunin masu gyaran lantarki, wadda ta fitilu ce, tana ɗauke da firiza da hita da dutsen guga. Soket na buƙatar 2.5, abin da ke jan wuta da yawa kamar murhun lantarki 4 zuwa 6. Soket guda mai amfiya 13 iyakarsa kamar wat 3,000, komai yawan ramukan abin da aka jona masa. An tarar da fiyus da aka ɗaure da zaren waya mai kauri, wanda ba zai tsinke ba har sai wayar bango ta narke. An kuma tarar da waya mai araha wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, idan cikin ya fito fari to ita ce, kuma tana ɗaukar zafi a mahaɗi fiye da ta jan ƙarfe zalla.

Haɗarin da ya fi damunmu yana sama da silin. A yawancin layuka bangon da ya raba shaguna ya tsaya a daidai silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda tun daga farkon layi har ƙarshe. Wuta ta tashi a shago ɗaya sai ta bi ta nan ta sauko a na biyar alhali mutane na fama da na farko. Mun roƙi Sarkin Kasuwa a ɗaga bango da bulo har ya taɓa kwano aƙalla bayan kowane shago huɗu, a fara da layin masu katifa da na masu yadi. Hayaƙin katifar soso guba ne, yana sumar da mutum kafin wuta ta taɓa shi.

Wasu masu shago sun amsa sun gyara, Allah ya saka musu da alheri. Wasu har yanzu suna barin kaya a kunne su tafi gida idan an ɗauke wuta, ta dawo da tsakar dare ta tarar da dutsen guga a kan tebur. An ba masu gadi izinin sauke babban makunnin kowane layi bayan sallar Isha'i, ban da layin masu firiza da aka ba wa nasu daban.

Game da sola, mamba ya sani cewa sauke makunnin gida ba ya kashe farantan da ke kan rufi. Muddin akwai hasken rana suna ba da wuta, don haka ba a taɓa wayoyinsu, ba a sara rufin da suke kai. Kowane haɗi yana buƙatar fiyus kusa da batir. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji, bai kamata a kulle shi a ɗaki marar taga ba. Na litiyom kuwa kan sake tashi bayan an ɗauka ya mutu, a fitar da shi fili a ci gaba da sa masa ido.

Gas, girki da ɗumin hunturu

Mambobinmu mata sun shiga gidaje da makarantun Islamiyya na matan aure da wuraren masu ƙosai da awara. Saƙon farko a kan man suya ne. Man da ya kama ya haura zafin digiri 300, ruwa lita guda kuwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, shi ne ke watsa man mai ci a fuska da silin. A kashe murhu, a rufe kasko da murfi ko tire ko buhun algarara da aka jiƙa aka matse, a bar shi rabin awa ba a buɗe ba, kuma kada a ɗauke shi a yi waje da shi.

Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa ta bi ƙarƙashin ƙofa. Idan an ji wari kada a taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa. A rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ne. Tiyon da ya fara tsagewa a canza shi, kada a naɗe da leda. Tukunya a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, kuma kada a matsa wa mai cikawa ya wuce nauyin da aka rubuta, domin sararin da ake bari a sama na kumburin gas ne idan zafi ya yi. Idan wuta na fita daga bakin tukunya kuma ba a iya kaiwa ga makunni, kada a kashe harshen, domin gas zai ci gaba da fita ya taru. A kori mutane, a riƙa sanyaya jikinta da ruwa daga bayan bango.

An ja kunne a kan kaskon gawayi a ɗaki rufaffe, da maganin sauro na kunnawa kusa da katifa, da kulle yara a ɗaki a fita unguwa, da ƙara wa janareto mai yana da zafi.

Daji, rumbuna da titi

Bayan kaka an yi shara mai faɗin taku biyar kewaye da rumbuna da tarin kara a bakin gari, aka kuma zauna da mafarauta da makiyaya a gaban masu unguwanni kan cinna wa daji wuta. An tunatar da masu tara harawa cewa wadda aka danne tana da ɗanye takan yi zafi daga ciki har ta kama da kanta, a shanya ta ta bushe sarai.

Tankar mai da ta faɗi ba aikin kashewa ba ne a gare mu, ba mu da kumfar da ake kashe wutar mai da ita. A Majiya ta jihar Jigawa a Oktoba 2024 an rasa sama da mutum 150 a gobarar tankar mai, a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairu 2025 sama da 80, akasarinsu masu kwasar mai. Allah ya jiƙansu. Tururin fetur yana bin ƙasa da kwata ya yi nisa, tartsatsin babur ko janareto ya ishe shi. Aikinmu a nan tare hanya daga nesa ta ɓangarorin biyu, kashe duk wani inji da murhu, tsayawa ta inda iska ke fitowa, kiran 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da lambar gaggawa 112, da kiran limamai da masu unguwanni su zo su hana jama'a, domin an fi jin maganarsu.

Fita da agajin farko

A fitowar da aka yi bana, abin da ya fi kawo cikas shi ne cunkoson 'yan kallo da babura a bakin layi, sai fasa ƙofar shago kafin ruwa ya iso. Shagon da ke kulle yana cin wuta a hankali saboda ƙarancin iska, da an ɓalle ƙofa sai ta tashi gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce a yanke lantarki, a tabbatar ruwa ya iso bakin tiyo, sannan a buɗe, masu buɗewa suna gefe a durƙushe. Idan akwai rai a ciki, wannan ya sha gaban komai.

Ma'aikatan asibiti sun koyar da kula da ƙuna: ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska ko hannu ko al'aura, da kowace ƙuna a jikin jariri, asibiti kai tsaye.

Abin da muke neman amincewar taro

Kwamiti na neman a amince da mayar da atisaye Asabar ta farko ta kowane wata bayan La'asar, a tayar da kowane inji a ja ruwa da shi na minti 10, kuma wanda ya rasa uku a jere ba uzuri a sauke shi daga jerin masu riƙe tiyo har sai ya rama. Muna neman a ware kuɗin cika tukwane da sayen tiyon zuƙa da kilif da robobi kafin a yi maganar riguna. Muna neman a girka tanki mai lita 5,000 a kan dakali a ƙofar kasuwa ta gabas, a ba masu gadi makulli guda, ofis guda. Muna kuma roƙon Hakimi, ranka ya daɗe, ya sa hannu a takardar da za a kai wa hukumar kashe gobara ta jiha, ta neman jami'an da za su zo su horar da sababbin mambobi kafin watan Nuwamba.

Muna godiya ga 'yan ga-ruwa, da manoman da suka ba da aron injinansu a tsakiyar noman rani, da masu gadin kasuwa. Allah ya jiƙan mambobin da suka riga mu, ya kare garinmu. Za a kaɗa ƙuri'a a kan buƙatun nan huɗu bayan ma'aji ya karanta lissafinsa.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Gudanarwa